Afuwa Ba Ta Gyara Dosiye: Jan Hankali Ga Tsofaffin Sojojin Arewacin Kamaru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da tsofaffin sojoji da jandarmomi na jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, da matan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da 'ya'yansu. Da yawa daga cikinsu suna sayar da akuya ko buhun masara, su hau jirgin dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, in ka tambaye su sai su ce za su je neman afuwa. Mafi yawansu ba afuwa ce maganin damuwarsu ba. Wanda ma ta dace da shi, ba za ta ba shi abin da yake tsammani ba, domin afuwa hukunci take ɗagewa. Ba ta mayar da muƙami, ba ta cike shekarun aikin da suka ɓace a rajista, ba ta kuma buɗe fansho da kanta.

Kafin a sayi tikiti, mutum ya san abin da ya same shi a rubuce. Sau da yawa tsohon soja zai ce kotun soja ce ta kore shi, a bincika a tarar bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Kwamitin ladabtarwa ne ya zauna a bataliya, aka aika rahoto sama, hukuma ta sa hannu aka cire sunansa daga rajista. Wannan shawarar hukuma ce, kuma hanyar ƙalubalantarta dabam take. Wani kuwa yana ganin albashi kawai aka tsayar masa, alhali akwai hukuncin ɗauri a kansa da aka yanke ba ya nan. Abin da ke raba gardama takardu huɗu ne: takardar tarihin aiki, wadda a ofis ake kira état signalétique et des services, takardar da ta sallame shi, ko ta ritaya ko ta kora, mai lamba da kwanan wata, takardar shaidar laifi mai lamba 3, wato casier judiciaire, wadda ake karɓa a kotun yankin da aka haife shi kuma ofisoshi ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku, sai kwafin hukunci mai hatimi daga magatakardan kotun soja, idan akwai hukuncin. Garwa, Marwa da Ngaundere kowacce tana da kotun soja, amma kotun da ta yanke hukuncin ita ke riƙe da shi. Wanda aka yi wa shari'a yana aiki a Duwala, a Duwala zai nema.

Kuskuren suna da na ranar haihuwa shi ya fi kowanne yawa a yankinmu, shi ne kuma ake rainawa. Mutum ɗaya sai ka gan shi Mohamadou a takardar haihuwa, Mahamat a katin soja, Hamadou a takardar albashi. Oumarou ya zama Oumar, Abdoulaye ya zama Abdoullahi. A wurinmu duk suna ɗaya ne, a wurin ma'aikacin baitulmali mutum uku ne, kuma ba zai biya ko ɗaya ba. Haka wanda aka rubuta masa "an haife shi wajen 1962" a wata takarda, a wata kuma aka ba shi rana da wata. Ƙa'idar ita ce a fara daga tushe. Idan kuskuren yana cikin takardar haihuwa, ofishin soja ba shi da ikon taɓa ta. Ta hanyar hukumar rajistar haihuwa da kotu ake gyara ta, sannan a kai gyararriyar ga soja. Idan takardar haihuwa daidai take, magatakardan soja ne ya kwafa ba daidai ba, to wasiƙa ce zuwa ga Ministan Tsaro, haɗe da kwafin takardar haihuwa mai hatimi da kwafin katin ɗan ƙasa. Akwai takardar da hukuma ke bayarwa mai shaida cewa sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne. Tana warware bambancin harafi, ba ta warware bambancin shekara.

A nan muna gargaɗi da babbar murya. Kada kowa ya bari dillalin takarda ya yi masa sabuwar takardar haihuwa don ta yi daidai da abin da ke rajistar soja. Mallakar takardun haihuwa biyu laifin jabu ne, kuma mutumin da ya zo gyaran harafi ɗaya zai iya komawa da tuhuma a wuya. Waɗanda suka shiga aiki da takardar ƙane ko ta ɗan baffa, su ga lauya kafin su rubuta wa kowa komai.

Sai shekarun aiki da muƙami. Fansho ana lissafa shi ne da shekarun da aka rubuta da matakin albashin ƙarshe da aka rubuta, ba da abin da abokan aiki suka sani ba. Ƙarin girman da aka karanta a fareti amma bai shiga dosiye ba, wato fayil ɗin takardun aikin mutum, kamar ba a yi shi ba ne. Haka zaman Bakasi, ko na bakin iyaka a Fotokol, Kolofata da Amcide tun daga 2014, ko aiki ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Tafkin Cadi wadda sashenta na farko yake Mora. Hujjar da ke aiki ita ce takardun albashi na watannin da ake gardama a kansu, saƙon canjin wurin aiki, takardar umarnin tafiya, takardar ƙarin girma mai lamba, takardun kammala horo da na lambar yabo. Shaidar abokin aiki tana ƙarfafa waɗannan, ba ta tsayawa a madadinsu. A lura kuma lambar soja dabam, lambar albashi dabam. A rubuta duka biyun a saman kowace wasiƙa, domin ofishin ma'aikata da ɗaya yake nema, ofishin kuɗi da ɗayar.

Maganar rauni ta fi wannan ciwo. Kwamitin likitocin soja ne ke auna nakasa ya ba ta kaso cikin ɗari, amma kafin kaso akwai tambayar da ke gaba: a bakin aiki aka samu raunin? Takardar asibiti tana cewa an cire harsashi daga cinya. Ba ta cewa a ina, a wace rana, da umarnin wa. Abin da ke faɗin haka shi ne rahoton kwamandan da ya tura mutum da abin da aka shigar a rajistar raunuka ta rundunar. A lokacin faɗa da Boko Haram an kwashe mutane da yawa zuwa Marwa cikin gaggawa, aka yi jinya, ba wanda ya koma kan rahoto. Bayan shekara goma kwamandan ya sauya wuri ko ya rasu. Wanda yake cikin aiki yanzu kuma ya taɓa jin rauni, ya nemi kwafin rahoton nan tun yana sanye da kaki. Wanda ya riga ya fita, ya haɗa takardar kwantarwa da ta sallama daga asibiti da takardar umarnin tafiya ta wannan makon, ya roƙi rundunar ta binciko littafin ayyukanta na ranar.

Yanzu ga wurin da ƙararraki masu gaskiya suke mutuwa, wato wa'adi. Dokar 29 ga Disamba 2006 da ta tsara kotunan da ke shari'a tsakanin mutum da gwamnati ta ce ba a zuwa kotu sai an fara kai kuka ga hukumar da ta yanke shawarar. Wannan kukan farko, recours gracieux préalable, ana shigar da shi cikin wata uku daga ranar da aka sanar da mutum shawarar. Idan hukuma ta yi shiru wata uku, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. Daga nan mutum yana da kwana 60 ya shigar da ƙara. Abin da ke faruwa shi ne tsohon soja ya rubuta, ya ji shiru, ya ce manya ba a yi musu gaggawa, ya jira shekara, ya sake rubuta tunatarwa. Tunatarwa ba ta sabunta wa'adi. Ranar da ya isa kotu, alƙali ba zai ko buɗe maganar gaskiyarsa ba, zai ce lokaci ya wuce. Ladabin da muka taso da shi, na haƙuri da jiran babba, a nan shi ke cin mutum.

Abu uku kuma suna ɓata wannan kukan. Na farko aika shi ga wanda ba shi ne ya yanke shawarar ba, ko ba shi da ikon wakiltar hukumar. Wasiƙa ga kwamandan bataliya kan shawarar da minista ya sa wa hannu ba ta tsayar da agogo. Na biyu rashin shaidar karɓa. A kai kwafi biyu, ofishin karɓar wasiƙu ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka, ko a aika ta hannun jami'in kai sammaci, ko ta gidan waya da takardar shaidar isarwa. Na uku rashin faɗin abin da ake so. "Ina roƙon a duba halina" ba buƙata ba ce. A rubuta: a soke shawara mai lamba kaza, a gyara ranar shiga aiki daga kaza zuwa kaza, a biya bambancin daga wata kaza. Abin da ba a nema a kukan farko ba, ba a ƙara shi a gaban kotu. Tambur na sefa 1,500 ake mannawa, kuma kada a taɓa miƙa takardar asali. Kwafi mai hatimi ake bayarwa.

Mu zo ga waɗanda kotun soja ta yanke wa hukunci da gaske. Dokar shari'ar soja da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 12 ga Yuli 2017, kuma a mafi yawan matakai tana bin dokar tsarin shari'ar laifuka ta 2005. Tuhumar da ta fi kama ƙananan sojoji ita ce gudu daga aiki, sai barin wurin gadi, saɓa umarni da salwantar da kayan soja. Yadda ta gudu take faruwa kusan iri ɗaya ce: mutum ya karye ko ya kamu da ciwo, ya tafi gida wajen mai ɗori ko mai magani ba tare da takardar izini ba, runduna ta rubuta ba ya nan, kwanakin da doka ta ɗiba su cika, a tsayar da albashi, a tura dosiye ga kwamishinan gwamnati, wato mai gabatar da ƙara a kotun soja, a yanke hukunci a bayan idonsa. Ba zai sani ba sai ranar da ya nemi takardar shaidar laifi don aikin gadi a wani kamfani.

Irin wannan mutum kada ya fara da neman afuwa, domin yana da ƙofar da ta fi ta. Hukuncin da aka yanke ba ya nan ana iya yin adawa da shi a kotun da ta yanke shi, a sake shari'ar daga farko yana tsaye. Wa'adin kwana goma ne daga washegarin ranar da aka miƙa masa hukuncin hannu da hannu, wata uku idan a ƙasar waje aka miƙa masa, abin da ya shafi waɗanda suka koma Njamena ko Mubi da zama. Saboda haka abin da lauya zai fara dubawa a dosiye shi ne ko an taɓa miƙa masa, da yaushe. Sai dai ya sani in akwai sammacin kamu a kansa, zuwa kotun na iya nufin kwana a tsare, don haka ba a zuwa ba lauya, ba kuma takardun jinya. Wanda aka yanke wa hukunci yana tsaye, ɗaukaka ƙara yake da ita cikin kwana goma, a ofishin magatakardan kotun, sannan ya kawo dalilansa a rubuce cikin kwana 15 bayan an sanar da shi. Mutane da yawa suna cika na farko su manta na biyu, ƙarar ta faɗi ba a saurare ta ba.

Idan duk wannan ya wuce, hukunci ya tabbata, sai a zo maganar sassauci. Tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa bayan ya ji ra'ayin Majalisar Ƙoli ta Alƙalai. Afuwar tana rage hukunci, ko ta sauya shi da mai sauƙi, ko ta ɗage shi gaba ɗaya. Wani lokaci ta jama'a ce, kamar dokar shugaban ƙasa ta 18 ga Fabrairu 2014 da ta 15 ga Afrilu 2020 a lokacin annobar korona, kuma irin waɗannan suna ware wasu laifuka su ce ban da su. Wani lokaci ta mutum ɗaya ce, bisa roƙonsa. Roƙon ba shi da wa'adi, ba dole a amsa shi ba, ba kuma kotun da za ta tilasta. A haɗa masa kwafin hukunci, shaidar cewa ba sauran ɗaukaka ƙara, takardar shugaban gidan yari kan tsawon zaman da aka yi da halin da aka nuna, rasiɗin tara da kuɗin kotu, takardar likita idan akwai ciwo, da tarihin aiki. Shafi ɗaya ya isa. Kuskuren da ake yi shi ne cika shafi biyar da zagin alƙali da kwamanda. Mai neman afuwa ba sake shari'a yake yi ba. Abin da ake dubawa shi ne shekarun da ya bauta wa ƙasa, raunin da ya ɗauka, iyalin da ke kansa da yadda ya zauna tun bayan hukuncin. Bayan an yi afuwar ma, hukuncin yana nan a takardar shaidar laifi, diyyar wanda aka cuta kuma tana nan a wuyansa.

Abin da ke share takardar shi ne wanke suna, réhabilitation. Wanda ya gama hukuncinsa ya biya tara, yana iya nema bayan shekara uku idan matsakaicin laifi ne, biyar idan babba ne. Ana miƙa buƙatar ga mai gabatar da ƙara na inda mutum yake zaune, a faɗi ranar hukunci da duk wuraren da ya zauna tun fitowarsa, a yi bincike kan halinsa, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke. Don haka zama lafiya da mai unguwa da jandarmomin gari yana da amfani a nan fiye da sanin wani babba a Yawunde. Amma ko wanke suna ba ya mayar da mutum aiki ko muƙami ko lambar yabo kai tsaye. Wannan sai an sake nema wajen hukumar soja da wasiƙa dabam.

Yafewar majalisar dokoki, amnistie, kuwa doka ce, ba roƙon mutum ɗaya ba, kuma ita tana shafe hukuncin. Mutanen arewa sun san ta da kyau. Bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984, kotun soja ta yanke wa mutane da yawa hukunci, galibinsu 'yan yankin nan, aka kashe wasu aka ɗaure wasu. Dokar 23 ga Afrilu 1991 ta yafe, ta kuma yi maganar mayar da mutane bakin aiki da mayar da dukiyar da aka ƙwace. Duk da haka iyalai sun daɗe suna bin haƙƙinsu ofis ofis, domin doka ta buɗe hanya ne kawai, kowane mutum sai ya kafa dosiyensa. Wanda kuma yake cewa sam bai aikata ba, ba yafewa yake nema ba. Tasa hanyar ita ce sake duba shari'a a Kotun Ƙoli, wadda ba ta da wa'adi kuma magada suna iya nema bayan rasuwarsa, amma sai da sabuwar hujjar da alƙalan farko ba su gani ba. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya ko'ina. Sojojin Afirka 34 da kotun sojan Faransa ta ɗaure a 1945 bayan kisan da aka yi wa 'yan'uwansu sojoji a barikin Thiaroye da ke Senegal ranar 1 ga Disamba 1944, waɗanda ba su rasu a kurkuku ba an sake su ta hanyar yafewa, amma da ɗan ɗayansu ya nemi a sake duba shari'ar, kotun Faransa ta ƙi a 2015.

Tunda mun ambaci Faransa: jikokin waɗanda suka bi kwamandan Faransa Leclerc daga Kamaru da Cadi zuwa Kufra ta Libiya a 1941, ko suka yi wa Faransa yaƙin Indocin da na Aljeriya, ba a Yawunde takardunsu suke ba. Cibiyar ajiyar takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau ita ake rubuta wa, da sunan tsohon yadda Bature ya rubuta shi, shekarar ɗauka, wurin ɗauka, lambar soja in an sani, da shaidar dangantaka. Faransa ta daskarar da fanshon waɗannan mutane da dokar ƙarshen 1959, ba ta daidaita shi da na 'yan ƙasarta ba sai daga 1 ga Janairu 2011.

Ga iyayenmu mata kalma ɗaya. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a kai shi ofishin magajin gari ba, baitulmali bai san da shi ba, ko an haifi 'ya'ya goma. Tsohon sojan da ke raye ya gyara wannan yau, ya tabbatar kowace mata da kowane ɗa suna cikin dosiyensa. Bayan rasuwa sai an bi ta kotu, da takardar mutuwa, da rubutaccen zaman dangi, da hukuncin gado, abin da ke cin watanni.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta kafa kwamitocin taimakon shari'a a kotuna, har da kotunan soja. Ana nema da takardar shaidar rashin hali daga magajin gari. Ofishin tsofaffin sojoji na ONACAM da sakatariyar da ke kula da mazan jiya a Ma'aikatar Tsaro, wadda aka kafa a 2011, suna iya nuna ofishin da ya dace, amma miƙa musu kuka ba ya tsayar da wa'adin kotu. 'Yan'uwanmu na ƙetaren Logon su lura cewa kwanakin da muka lissafa na dokar Kamaru ne. Wanda ya yi aiki a rundunar Cadi ya tambayi magatakardan kotun can nasa wa'adin kafin ya rubuta komai.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin magatakardan soja da na kotu,
Garwa, Jihar Arewa.